Sunan da Malam Shitu Bai Taɓa Kira Ba

Duk wanda ya tashi a Ɗorawar Habu, ƙauyen nan da ke tsakanin Dangora da Ɗansoshiya a ƙasar Kiru, ya san Malam Shitu malamin dagaci. Gajere ne, mai saurin ƙafa, kullum da gafaka a kafaɗa da tabon tawada a yatsa. Ba a yanka ragon suna a garin bai iso ba, ba a kai mamaci makwancinsa bai bi ba. Masu tsokana suna cewa nama yake bi, kuma gaskiya ba a taɓa miƙa masa kaso ya ce ya ƙoshi ba, amma abin da ke kai shi rubutu ne.

Ɗan liman ne. Ya yi karatun allo a gida, ya je Bebeji ya zauna gaban wani malami har ya taɓa littattafai, sannan ya dawo da hannu mai kyau a ajami. Dawowarsa ta zo daidai da umarnin da ya fito daga wajen hakimi cewa kowane dagaci ya riƙa rubuta haihuwa da mutuwa na ƙasarsa. A wasu garuruwan malamai sai sun tuna suke yi, musamman in sun ji ƙishin-ƙishin mai duba takardu yana tafe. Shi kuwa Shitu ya riƙe abin kamar salla. Sai dai kada a ɗauka takardun nan nasa tsaf suke. Ba ruwansa da lambar shekara, abin da ya faru yake sawa: shekarar fara, shekarar da rafi ya ci kasuwa, shekarar da dagaci ya faɗo daga doki. Sunan da aka gaya masa shi yake rubutawa, na yanka ne ko na wasa. In takarda ta cika ya naɗe ta ya jefa a tulu, ya barbaɗa toka da garin taba don gara. Garar ma ba ta fasa cin rabonta ba.

A shekarar fara ne matarsa Kulsum ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Dangora, ta haifo masa 'ya mace, mahaifinsa liman ya raɗa mata suna Safara'u. Da Shitu ya zauna zai shigar da ita a takarda, ga dagaci zaune, ga mahaifinsa a gefe, sai ya rubuta, "An haifi mace a gidan Shitu," alƙalami ya tsaya cak. 'Yar fari ce. Mutum mai kunya ba ya kama sunan ɗan farinsa, ba ya ɗaukarsa, ba ya yi masa wasa, in ma an ce yaron ya yi kyau sai ya kau da kai kamar ba da shi ake ba. Ya bar gurbin sunan fari fat, ya wuce gida na gaba. Da aka yaye ta, yayarsa A'isha ta ɗauke ta riƙo, shi ke nan ya samu mafita: in ta kama dole ya ambace ta, sai ya ce "ta gidan A'isha".

Kunya ce, ba ƙiyayya ba, kowa ya sani. Allah ya ba shi 'ya'ya a bayanta, yana kiran kowanne da sunansa har da tsawa, amma zuciyarsa tana gidan A'isha. In ya ci kasuwar Bebeji sai ya sayo alewa da 'yan kunne ya kai ya ce a ba yaran gidan, alhali yarinya ɗaya tal ce a gidan. Lokacin da ƙyanda ta kwantar da ita, wuni ya yi yana zagaya bayan dangar yayarsa, duk wanda ya tambaye shi ya ce akuyarsa ce ta ɓata. Shitu bai taɓa kiwon akuya ba. Haka ta girma, ta auri Surajo tela, ta haihu, bai taɓa zama ya yi hira da ita ba. In sun haɗu a hanya ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon bishiya.

Bayan kakar shekarar 1955 wani malamin asibiti daga Kano, Malam Abdussalami, ya iso garin a kan keke, jaki na biye da akwatunan katako biyu. Ya sauka a zauren dagaci, aka gaisa, aka sha fura, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Wani likita ne yake bincike, yana so ya san yaran ƙasar nan nawa suke tsallake yaye su rayu, nawa ƙyanda da zazzaɓi suke ɗauka, kuma a waɗanne shekaru. Sun bi ta Tudun Wada, sun bi ta Bebeji, aka ce musu in dai takardun haihuwa masu daɗewa suke nema, su je wajen Shitu.

Kan Shitu ya fasu. Ya sa aka kinkimo tuluna, ya warware takardu da kansa yana kaɗe musu toka. Baƙo ya karanta ɗaya, ya karanta biyu, ya sosa ƙeya.

"Allah ya gafarta malam, aiki ka yi, babu shakka. Amma likita ba zai iya ƙirga komai a haka ba. Ba ya karanta ajami, kuma bai san shekarar da dagaci ya faɗo daga doki ba."

Dagaci ya yi gyaran murya ya ce ai ba faɗowa ya yi ba, sauka ya yi da gaggawa.

Abdussalami ya buɗe akwati, ga fararen katuna a jere. Ya ce so ake a juye duk abin da ke cikin tulunan nan a kansu da boko, mutum ɗaya kati ɗaya: sunan yanka, sunan uba, shekarar haihuwa da lambarta, in ya rasu a sa yaushe. Mutum biyu za su yi aikin, ɗaya na karantawa ɗaya na rubutawa, kuma mai rubutu ba zai sa komai daga kansa ba, sai abin da kunnensa ya ji. Inda aka bar gurbi, ko aka sa laƙabi, sai wanda ya san mai shi ya zo ya faɗi sunan da bakinsa, a rubuta a bayan katin wanda ya yi shaida.

"Katin da ba shi da sunan yanka," in ji shi, "likita gefe zai ajiye shi, kamar ba a haifi mai shi ba."

Shitu ya dubi tulunan. Nan take ya tuna da wani farin gurbi da ke kwance a cikinsu tun shekarar fara.

Karatu dai ba wanda zai iya shi sai Shitu, don ko liman sai ya yi bismilla uku kafin ya gane hannunsa inda gara ta bi. Saura mai rubutu. Bokon Shitu kamar kaza ta taka tawada. Aka ce duk wanda ya yi ajin yaƙi da jahilci ya rubuto layi biyu ya kawo. Abdussalami ya baza takardu a tabarma, ya ɗauki guda ya ce wannan yake so, haruffa a tsaye kamar an shuka su da igiya. Surajo tela ne ya kawo ta. Aka yi ta yi masa barka, shi kuwa yana ta murza hula, daga ƙarshe dai ya fito da gaskiya: shi ya je aji, amma in ya dawo gida matarsa ke karɓe littafin, har ta fi shi, har matan unguwa suna zuwa tana koya musu. Rubutun nata ne.

Dagaci ya ce to ai faɗuwa ta zo daidai da zama, 'ya za ta yi aiki da ubanta, wa zai ce don me? Yana faɗa yana danne dariya, don ya san abin da ya haɗa. Shitu ya nemi hanyar zillewa ya rasa. A'isha ce ta raba gardama. Ta ce a yi aikin a rumfar gidanta, a kafa zana a tsakiya, shi yana nan ita tana can, ita kuma ta zauna a bakin zanar da mazarinta tana kaɗi, kowa ya yi magana da ita.

Haka kuwa aka yi. Kullum da hantsi Shitu ya zauna ya buɗe takarda ya ce, "Yaya, ki gaya wa mai rubutu, gidan Mamman maƙeri, an haifi namiji, Umaru." A'isha ba ta ko ɗago kai, don mai rubutun tana ji sarai, tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba. Can sai murya ta fito daga bayan zana: "Goggo, ki ce wa Malam ya rage sauri, alƙalami ba doki ba ne." A'isha ta ci gaba da kaɗinta, wani lokaci ma gyangyaɗi take yi, saƙo yana wucewa ta kanta yana dawowa.

Aiki ne mai cin rai, kuma mai ban dariya. Umarun nan na gidan maƙeri, an haife shi Umaru, ya yi aure yana Tanko, ya haihu yana Ɗanmaƙeri, sai da suka yi masa kati uku kafin Safara'u ta ce, "Goggo, anya mutanen nan uku ba mata ɗaya suke aure ba?" Shitu ya duba, ya sake dubawa, dariya ta ƙwace masa, ita ma ya ji tana yi a bayan zana. Ran nan ne ya fara jin dariyarta a kusa, sai ya ji irin ta mahaifiyarsa ce sak, mai tsayawa a maƙogwaro kafin ta fito. Ya koma gida yana murmushi shi kaɗai har Kulsum ta tambaye shi ko tsintuwa ya yi.

Shekaru kuwa sai da aka tara dattawa a ƙofar masallaci. Abdussalami ya bar musu jerin shekarun hijira da na boko, aikinsu su ɗora kowane abin da ya faru a kan lambarsa. Aka yi ta ja-in-ja a kan ko fara ce ta riga ambaliya ko ambaliya ce ta riga fara, wani tsoho ya rantse da rawaninsa, wani ya yi fushi ya tafi ya dawo. Da aka daidaita, Safara'u ta jera su a babbar takarda, A'isha ta liƙa a jikin zana ta ɓangaren Shitu. Ya daɗe yana kallon rubutun. Ya lura in ta gama layi tana hura masa iska sau biyu, yana jin hucin ta cikin zana, kamar yadda shi ma yake yi. Ba shi ya koya mata ba. Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa kansa, ya ce, "Yaya, ki ce wa mai rubutu ba laifi." A bakin Shitu wannan kirari ne.

Sau ɗaya ya yi mata faɗa. Sun zo kan wata yarinya da gara ta cinye rabin sunanta, Safara'u ta san ta don ƙawarta ce, sai ta cika da kanta. Ya ce a yaga katin. Ba a rubuta abin da ba a faɗa ba, in ji shi, ko da mai rubutu ita ta yanke wa mutum cibiya. Aka aika aka kira kawun yarinyar ya zo ya faɗa. A'isha ta dube shi ta gefen ido ta ce, "To, mun ji. Allah ya kai mu."

Babbar matsala ita ce 'ya'yan fari. Kusan duk a gidan kakanni ake haifarsu, wasu a Kiru, wasu a Bebeji, wasu har Doguwa, inda Shitu ba ya zuwa suna. Uba ne yake zuwa ya ba da labari, shi kuwa uba sai ya sunkuyar da kai ya ce an samu ƙaruwa, ya tashi. Saboda haka kusan kowane gida akwai gurbi a farkonsa. Da suka fara kiran iyaye, abin ya zama wasan kwaikwayo. Mamman maƙeri, ƙato mai murɗa ƙarfe da hannu, ana tambayarsa sunan babban ɗansa ya ce ya bar wuta a maƙera, ya fita har yana manta takalmi. Wata mata mai 'ya'ya biyar ta ce huɗu ne, alhali ɗan farin yana tsaye a bayanta da gemunsa.

Da Abdussalami ya leƙo duba aiki, Shitu ya kai masa kuka. Baƙo ya ce ai abu ne mai sauƙi, a lallashe su kawai, zamani ya canja. Shitu ya ce haka ne, ya tambaye shi ko yana da iyali. Ya ce yana da su, yara uku.

"Masha Allah. Yaya sunan babban?"

Malamin asibiti ya buɗe baki, ya rufe, ya ɗaga kai yana nazarin azarar rumfa. Sannan ya fashe da dariya ya ce a nemo wata dabarar.

Dabarar a wajen Safara'u ta fito. Ta ce, "Goggo, ki ce wa Malam, tunda kowa yana jin kunyar nasa ne ba na maƙwabcinsa ba, su riƙa zuwa biyu-biyu." Shi ke nan gari ya ɗauka. Maƙwabci ya kamo hannun maƙwabci, wannan ya faɗi na wancan, wancan ya faɗi na wannan, kowa in an zo kan nasa ya toshe kunne ko ya shiga tarin ƙarya. Mata suka riƙa zuwa ta bayan gida suna yin nasu wajen Safara'u. Rumfar A'isha ta koma kamar gidan biki, har mai ƙosai ta dawo da kaskonta ƙofar gidan. Akwai samarin da sai a nan suka fara jin sunansu na yanka a bainar jama'a, suka fita suna taƙama kamar an naɗa su sarauta.

Ba wanda ya ji daɗin wannan harka kamar Shitu, ba kuma wanda ya sha wuya a hannunsa kamar Ladan, taubashinsa, abokin wasansa tun suna yara. Ranar da aka zo gidan Ladan, Shitu ya ce shi da kansa zai yi shaida. Ya miƙe tsaye, ya gyara murya kamar zai kira salla, ya rangaɗa sunan ɗan farin Ladan, ya ce wai mai rubutu ba ta ji ba, ya sake, ya kuma sakewa. Ladan ya lulluɓe kai da babbar riga yana salati. Da ya fito daga cikin rigar ya ce, "Ba komai. Rana ba ta ƙarya."

Ranar kuwa tana matsowa, gari duk ya sani. Takardar gidan Shitu tun farko ya kamata ta fito, amma duk lokacin da ta taso sai ta koma ƙasan tulu. In ya wuce majalisa sai a ce, "Malam, an zo gidanka kuwa?" ya ce ana hanya. Wani ya ce wanzami dai ba ya son jarfa. Ba kunya kaɗai ke sa shi jan ƙafa ba. Surajo ya yanke shawarar ɗaukar keken ɗinkinsa ya koma Riruwai, inda masu haƙar kuza suka yi yawa tela ya yi kaɗan, kuma ya ce da an gama katuna za su tashi kafin ruwa ya sauka. Shitu ya san ranar da akwati ya cika, ranar za a naɗe zanar nan. Mutumin da da yake karatu kamar ana korarsa ya koma yana jan kowane suna, yana neman a sake dubawa. Yana son zaman nan fiye da duk wani abu da ya taɓa samu a aikinsa, kuma ba shi da bakin faɗa.

Amma tulu ba rijiya ba ne. Wata safiya ya zura hannu ya ji takarda ɗaya ta rage, Abdussalami kuma ya aiko cewa yana tafe ɗaukar akwatuna. Shitu ya tafi gidan Ladan da goro mai kyau, fari, ya zauna ya yi ta kewaye-kewaye, ya yabi gonarsa, ya yabi jakinsa, sannan ya roƙe shi ya zo gobe ya yi shaida. Ladan ya karɓi goro ya ce ai zumunci ya wuce haka.

Ya zo kuwa, da hantsi, cikin rigarsa ta Juma'a. Ya zauna ya sha furar A'isha har ya kaɗe ƙwarya. Shitu ya karanta sauran 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarami ya yi sama, aka rubuta. Saura kati ɗaya. Ya ce, "Yaya, ki gaya wa mai rubutu, shekarar fara, an haifi mace a gidan Shitu. Ga mai shaida nan zai faɗi suna." Ya sa yatsu a kunne.

Can ya cire yatsa ɗaya ya dubi Ladan.

"Wallahi tsufa bai yi ba," in ji Ladan. "Yanzun nan yana bakina. Hauwa ce? A'a. Luba? Kai, ya gudu."

"Ladan, ka ji tsoron Allah. Kai ka riƙe ragon."

"Ragon na tuna shi sarai, baƙi ne mai farin goshi."

Shitu ya juya wajen yayarsa. A'isha ta naɗe zarenta a hankali, ta soke mazari a cikin auduga, ta ce ita ta kira sunan nan safe da yamma tun yarinyar tana rarrafe, yau bakinta ya gaji, kuma ta bar tukunya a wuta. Ta miƙe. Ladan ya ce bari ya je ya taya ta duba tukunyar, mutumin da bai taɓa sanin inda murhu yake a gidansa ba. Suka fice suka bar rumfa daga Shitu sai zana sai wadda ke bayanta.

Bai taɓa zama daga shi sai ita ba. Yana jin kaji suna tono a tsakar gida, yana jin numfashinta. Ya duba takardar, ga gurbin nan yadda ya bar shi, gara ma ta ci gefe da gefe ta bar shi.

Can ta yi magana, a hankali, da Goggon da ba ta nan. "Goggo, ki ce wa Malam kada ya takura kansa. In ya yarda ni sai in cika, ai na san sunan. In kuma bai yarda ba a bar katin haka, mutum ɗaya ba zai ɓata wa likita lissafi ba."

Ba ƙorafi a muryarta, abin da ya fi taɓa shi ke nan. Ta rubuta sunan kowa a garin nan, rayayye da matacce, ta samo wa 'ya'yan farin mutane dabara, ga shi tana shirin ajiye nata a gefe don kada ubanta ya ji kunya. Tausayinta da sonta suka taso masa gaba ɗaya, ya ji kunyar da ya riƙe shekara da shekaru ta yi masa ƙanƙanta. Ya gyara zama, ya ɗaga takardar kusa da fuska kamar mai karanta abin da ke rubuce, ko da yake ba komai a wurin.

"Ba a rubuta abin da ba a faɗa ba," in ji shi. "Shekarar fara. An haifi mace a gidan Shitu." Ya ɗora yatsa a kan gurbin. "Safara'u."

"Na'am."

Ba ta yi niyya ba, fita kawai ya yi, yadda kowa yake amsawa in an kira shi. Shi karatu ya ce yana yi, ita kuwa kira ta ji. Sai ya ji dariyar nan mai tsayawa a maƙogwaro, a haɗe da shessheƙa, shi ma ya kama dariya yana goge ido da hannun riga.

Daga bayan danga muryar Ladan ta taso: "Mu nan ba mu ji ba, a maimaita." A'isha ta rangaɗa guɗa kamar yau ne ake sunan, mai ƙosai ta leƙo tana tambaya wa ya haihu.

Shitu bai kula su ba. Yana sauraron alƙalami yana tafiya a kan kati, harafi bayan harafi, ba gaggawa. Ya ji ta hura sau biyu, ya ji ta juya katin. Sannan ta yi magana, wannan karon ba ta bi ta kan kowa ba.

"Baba, wa zan sa a shaida?"

Ya kai hannu ya ɗan janye bakin zanar, ya dube ta ido da ido, ga tawada a yatsanta.

"Sa ubanta," in ji shi.